Baffana da Burtalin da Ya Ratsa Gonata

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Baffana, ƙanin mahaifina, ya rasu da hantsin wata Laraba a gidansa na Kwanar Dangora, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarmar makoki sai in miƙe, in na fita bakin titi sai in dawo. Matata ta ce halinsa ne ya bar mini gado. Ni dai tsorona kada shekara ta zagayo in tarar na koma faɗin abin da kowa ke faɗa, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, shi ke nan. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma shi kansa da zai ji ka faɗi haka, sai ya nemi ka kawo hujja. Shi ya sa na ɗauki biro.

Direbobin tasha ne suka fara cika ƙofar gida. Shekara da shekaru su ne suke kai masa rahotonsa Kano a cikin ambulan, don shi ne wakilin wata jaridar Hausa a wannan yanki namu, tun daga Bebeji har Doguwa. Wani tsohon direba ya tsuguna yana share ido da hularsa, ya ce, "Malam Sau-Nawa ya tafi. Yanzu kowa sai ya shara ƙaryarsa a tasha hankali kwance." Aka yi dariya, aka koma kuka.

Mota ta zo daga Kano da 'yan jarida, har da tsohon editansa da ya daɗe da ritaya, yana dogara sanda. Can sai Fulani suka fara isowa, wasu a ƙafa, wasu a keke, matansu da ƙoren nono a ka suka wuce cikin gida wurin Inna, matar Baffa. An ɗauko wani tsohon Arɗo a bayan babur, sai da mutum biyu suka kama shi ya sauka. Ya zauna a bakin tabarma ya yi doguwar addu'a da Fillanci. Kalma ɗaya na kama a ciki, munyal, wato haƙuri, ita ya yi ta maimaitawa.

Mutanen ƙauyenmu ma sun zo, amma ba duka ba. Waɗanda suka zo sun shafa fatiha sun tashi, ruwan da aka ajiye musu ba su taɓa ba. Wani tsohon maƙwabcin gonata ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kai ma kana nan?"

Na ce, "Baffana ne."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na tambaya."

Sunan nan da direbobi suka sa wa Baffa, a bakinsa suka tsince shi. Ba a gaya wa Baffa magana a wuce. In ka ce masa hanyar Tudun Wada ta lalace, kullum sai mota ta faɗi, sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "Kullum? Jiya ta faɗi? Shekaranjiya fa? Sau nawa ka gani da idonka?" In ka ce ai kowa ya sani, ya ce, "Kowa wa? Kira mini mutum biyu." Inna ta taɓa yi masa ƙorafi cewa ba ya cin abinci a gida. Ya ce, "A watan nan sau nawa?" Ta jefe shi da ludayi. Ita ta ba mu labarin a wurin makoki, tana dariya hawaye na zuba.

Gaskiyarta kuwa. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake cin tuwo, ƙafa ɗaya tana waje. Babur ɗinsa ba ya hucewa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ya bar gida ya tare a Kwanar Dangora, cikin hayaniya da warin man mota. Ya ce, "Duk labarin da ya taso daga kudu, nan yake tsayawa ya sha ruwa kafin ya shiga Kano. Gara in tare shi tun bai yi ƙiba ba."

Mu mutanen ƙasar Bebeji ne. Gonakin kakanmu suna ƙarƙashin ruwan Tiga. Da ruwa ya tashe mu, Baba, wato mahaifina, ya nemi ƙasa a tudu ya saya a hannun masu gari, da shaidu da komai. Doguwar gona ce siririya, ƙasarta baƙa wuluk, ba ta neman taki. Kowa ya ce Baba ya yi sa'a. Da na yi aure ya ɗauke ta ya ba ni. Aibinta ɗaya, shanu. Duk damina sai sun faɗa mini. In yi shinge a karya, in yi tsaro in gaji. Har kotun alƙali na kai wani makiyayi, ba sau ɗaya ba, aka biya ni diyya, wata daminar aka sake.

Wata shekara, lokacin mulkin soja, dawa ta fara nuna, faɗa ya ɓarke a wani ƙauye na ƙasar Kiru. Aka sare wani manomi a hannu, aka kashe wani saurayi makiyayi, matasa suka fara maganar ƙona ruga. Baffa ya hau babur ya je, ya ji bakin mutanen gari, ya rubuta abin da kowa ke rubutawa a irin wannan: baƙin makiyaya daga nesa sun auka wa gonaki. Aka buga. Bayan an buga ne ya je rugar don yin gaisuwa, don shi ba ya wuce gidan rasuwa. Sai ya tarar uban yaron mutumin da ya sani ne tun suna yara, wanda uwarsa ke kawo wa kakarmu man shanu. A nan aka haife shi, a nan aka haifi yaron da aka kashe. Mutumin bai iya karatu ba, amma an karanta masa. Ya dubi Baffa ya ce, "Ashe mu baƙi ne."

Inna ta ce da ya dawo bai shiga ɗaki ba, zagaye tsakar gida ya yi ta yi kamar wanda kunama ta harba. Ya ce mata, "Ni da nake tambayar kowa, ban tambayi kaina ba."

Daga nan ya shiga bin kotuna. Bebeji, Kiru, Tudun Wada, har can Doguwa, wata da watanni. Ba wani abin ɓoye ya je nema ba. Littattafan shari'a ne da ke jibge a kan kanta, ba mai buɗe su sai gara. Ya zauna kusa da akawun kotu ya yi ta kwafe duk ƙarar ɓarnar gona da ya gani, shekara bayan shekara: wane gari, wane wata, me aka shuka, makiyayin ina yake zaune. Masu tireda suka riƙa tara masa kwalin sukari da na sabulu, ya yanka su daidai wa daida, kowace shari'a kati ɗaya. Ya bi gefen kowane kati ya huda da ƙusa a jere, kowane huji da ma'anarsa, wannan na wata kaza, wannan na gari kaza, wannan na makiyayi ɗan gida, wannan na baƙo. Hujin da ya dace da shari'ar sai ya tsaga shi da reza har baki. In ya haɗa katunan ya zura tsinken ƙafar keke ta huji ɗaya ya ɗaga ya girgiza, duk katin da aka tsaga wa wannan hujin sai ya zubo ƙasa, sauran su tsaya a rataye. A wani kwas na 'yan jarida ya ga wani ma'aikacin laburare yana yi da katunan littattafai, ya riƙe abin a ransa.

Inna ta sha wahalar katunan nan. Farantanta na jere ya kwashe, kowane gari da farantinsa. Ta ce wata rana baƙi suka zo ta rasa abin zuba abinci, ta ɗauki farantin Kiru ta juye a tabarma. Kwana ya yi bai yi mata magana ba.

Tsohon editan ne ya ba ni labarin rigimarsu, muna zaune a makoki. Ya ce Baffa ya fara kawo masa adadi mai yawa, irin wanda ake bugawa da manyan baƙaƙe a shafin farko. Ya yi murna, ya ware masa shafi. Sai ga Baffa ya dawo ya ce a dakata, adadin ya ragu. Wai ya gano wasu shari'un ya ƙidaya su sau biyu, don an fara a wata kotu an ɗaukaka zuwa wata. Wasu wuraren kuma suna biyu gare su, na Hausa da na Fillanci, ya ɗauka gari biyu ne.

Editan ya ce, "Na ce masa, wa zai sani? Ya ce, ni. Na ce, to yaushe za ka gama? Ya ce, in na daina samun kuskure. Na kore shi daga ofis. Wallahi na kore shi. Da sati ya zagayo na aika direba ya tambayo mini ko ya gama."

Ranar da abin ya iso kaina, da safe ne. Wani direba ya tsaya a bakin hanyarmu ya ce Baffa na nemana. Na tarar da shi a tsakar gida, katuna a kan tabarma, wata babbar taswira shimfiɗe a kan ƙofar langa-langa da ya ciro. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini tsinken.

"Zura nan. Wannan hujin baƙi ne. Ɗaga."

Na ɗaga na girgiza. 'Yan kaɗan suka zubo.

"Mayar. Yanzu zura nan, 'yan gida."

Na zura na ɗaga. Sai katuna suka zube mini a ƙafa kamar ganyen maina, abin da ya rage a tsinken bai cika hannu ba.

Ya ce, "Ka gani? Baƙi sai an yi girbi suke saukowa cin kara. Waɗannan ƙararrakin kusan duk dawa na tsaye a gona aka yi su. Maƙwabta ne ke kai maƙwabta kotu. Na buga ƙarya da sunana."

Sannan ya ja ni wurin taswirar. Duk garin da aka yi ƙara ya soka masa allura, inda aka yi da yawa allurai sun yi cunkus. Na zaci zan gan su a warwatse ko'ina, tunda ko'ina akwai gona, ko'ina akwai shanu. Ba haka ba ne. Layi suka yi. Ya taso daga wajenmu, ya ratsa ƙasar Kiru, ya karkata ta Tudun Wada, ya nufi dajin da ke wajen Doguwa. Gefe da gefe fili fetal, da ƙyar ka ga allura ɗaya.

Na ce, "Baffa, wannan hanyar mece ce? Ba titi a nan."

Ya ce, "Ni ma na daɗe ina kallonta. Sai na tuna muna yara, akwai shingen aguwa hagu da dama, shanu na bi ta tsakiya zuwa mashaya, ƙura ta tashi mu gudu mu hau bishiya. Burtali ne. Ban yarda da tunanina ba. Na ɗauki Arɗo a babur ya nuna mini inda ya sani. Wata ranar na ɗauki wani tsohon manomi da bai san na je da Arɗo ba. Wuri ɗaya suka nuna. Har kututturen aguwar na nan a wasu wuraren."

Ya sunkuya ya tsinci kati biyu daga cikin waɗanda suka zube ya ba ni. Sunan ƙauyenmu ne a kai, da watan, da dawa. Ƙararrakina ne. Ya ɗora yatsa inda allurai suka fi yawa.

"Gonarka ce nan. Ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa ƙasar ta yi baƙi haka ba? Kashin shanun kakannin mutanen nan ne."

Na tsaya riƙe da katunan. A lokacin matata na da cikin fari. Na ce, "To yanzu me za ka yi?"

Ya ce, "Zan je wurin Yaya."

Bayan la'asar ya zo, ina zaure tare da Baba. Ranar ce kaɗai na ga Baffa ya zauna ya naɗe ƙafa har ya gama magana. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Baba ya saurara yana jan carbi, bai katse shi ba. Da ya gama Baba ya ce, "Na ji. Cire ƙauyenmu."

"Yaya, ba zai ciru ba."

"Allura ce. Da hannu ka soka, da hannu za ka zare."

"In na zare, layin ya tsinke a tsakiya. Kuma duk wanda ya san garinmu ne na tsallake, ba zai yarda da sauran ba. Sai a ce ɗan manoma ya rufa wa 'yan'uwansa asiri. Yaya, an kashe yaro. In damina ta zagayo za a sake."

Baba ya ajiye carbin. "Sata na yi? Da guminmu na saya, gaban shaidu. Ruwa ya cinye gonar ubanmu, kabarin ubanmu na ƙarƙashin ruwa, kana can kana rubutu. Wannan ka rubuta shi?"

"Na rubuta."

"Me aka yi?"



Baba ya ce, "To wannan za a yi. Don mu ne. Ka duba yaron nan, matarsa ciki gare ta. Kai ka raɗa masa suna. Tashi ka tafi, kada magariba ta same ka a hanya."

Ya tashi. A bakin zaure ya juyo kamar zai yi mini magana, na kau da kai.

Aka buga, mako bayan mako, har da zanen layin. Aka riƙa karantawa a tasha da kasuwa, masu karatu a tsakiya, jama'a a kewaye. Zan faɗi gaskiya a kansa: bai ambaci sunan ƙaramin manomi ko ɗaya ba. Ya rubuta cewa yawancin waɗanda ke kan burtalin mutanen da ruwa ya tasa ne, sun saya ba su sani ba. Ya rubuta cewa can kudu akwai manyan gonaki na masu hali da aka kewaye da waya, sun datse hanyar gaba ɗaya. Ya janye maganarsa ta baƙi a sakin layi na farko, da sunansa. Har ya rubuta abin da katunansa ba su sani ba, wato rigimar da aka kashe a zauren mai unguwa, da makiyayin da tsoro ya hana shi zuwa kotu. Amma wa ke jin wannan? Kowa zanen ya duba, ya ga garinsa.

Wasu jami'ai suka kira shi Kano. Inna ta ce ya ɗaure katunansa a buhu ya tafi da su, har da tsinken. Tambaya ɗaya suka yi ta yi masa, wa ya ba ka? Ya ce ba kowa, littattafan suna nan a kan kanta, kowa ya je zai gani. Ya zazzage buhun a teburinsu ya nuna musu yadda ake zurawa. Suka sallame shi, suka riƙe buhun. Sai da ya yi ta sintiri kafin su mayar masa.

Daga baya aka naɗa kwamiti. An bar mu mun girbe, wannan kam an yi mana. Da rani suka zo da mota da turakun siminti. Ina tsaye aka kafa su, ɗaya a gabas da gonata, ɗaya a yamma. Abin da ya rage mini bai kai a kira shi gona ba. Haka aka bi ƙauyukanmu har cikin ƙasar Kiru. Da aka isa gonakin waya, sai motar kwamiti ta lalace. Har yau ba a gyara ta ba.

Wannan abu ya ci Baffa fiye da duk zagin da aka yi masa. Ya yi ta rubutu a kan gonakin wayar, ana bugawa ana ragewa, har aka daina bugawa. A ƙauyenmu kuwa in ya shigo masallaci sai sahu ya yi masa faɗi. Baba ya daina kiran sunansa, sai dai ya ce "ɗan jaridarku."

Ana gab da shuka ya zo ya same ni a bayan gari, bai shiga gida ba. Ya ce in hau babur. Ya kai ni wata fadama a bakin rafi, gadon mahaifiyarsu, wato kakarmu, rabonsa ne da ya daɗe da bai wa wani aro. Ya ce, "Ka noma wannan."

Na ce, "Biya ne?"

Ya ce, "Ba ta kai taka ba, na auna. Ka noma dai."

Ina da jariri a gida, na karɓa. Da Baba ya ji ya ce, "Kai ka karɓa, kana da iyali. Amma kada ka kawo mini ko tumatir ɗaya daga cikinta." Bai kuwa taɓa ci ba.

Bayan wasu damuna Baffa ya sake zagaya kotunan nan, ya yi sababbin katuna. Ya zo har fadama yana sauri, takarda a hannu, ina cikin ban ruwa. Ya ce inda aka buɗe burtali ƙararraki sun faɗi ƙasa warwas, ba a sake zubar da jini ba, inda waya take kuwa abin sai ƙaruwa. Fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Na san gaskiya ya faɗa, don ni kaina na ga shanu na wucewa ta tsohuwar gonata ba mai ɗaga sanda. Amma raina bai yi sanyi ba.

Na ce, "Baffa, a katunan nan naka akwai hujin wanda ya rasa gona?"

Ya tsaya. Ya duba takardar kamar zai gani a ciki. Ya ce, "Babu. Ban huda ba."

"Ni ina da Baffa mai fadama. Sauran fa?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya hau babur. Ranin nan gaba ɗaya ya ƙarar da shi yana bin mutanen da turaku suka tasa, gida gida. Wasu sun koma haya da babur a Kafin Maiyaki, wasu suna kamun kifi a Tiga ba su iya ba, wasu sun tafi Kano dako, wasu gidajen ya tarar da su a rufe. An kore shi a ƙofofi da yawa, wani ya sakar masa kare. Ya yi wa kowa katinsa. Jarida ta buga a can shafin ciki, kusa da tallan magani. Ba kwamitin da aka naɗa. Ya yanko shafin ya aiko mini ta hannun direba, ba ko gaisuwa a jiki.

Da kwamfuta ta zo ofishinsu na Kano, na zaci zai raina ta. Ina! Ya dawo yana rawar jiki. Ya ce wata yarinya sabuwar ɗauka ta yi masa aikin wata guda kafin shayinsa ya huce. Ya ce, "Da ina da wannan, da na haɗa har da asibitoci da kasuwannin shanu." Ya fara zuwa koyo, yana zama a bayan yaran da ya isa ya haife su. Amma ido ya riga ya fara tafiya, baƙaƙen suna yi masa rawa. Abin da ya iya yi shi ne ya tsaya a kansu yana cewa, "Kun duba ko kun sa abu ɗaya sau biyu? Wanda bai zo an rubuta shi ba fa, yana ina?"

Ciwo ya kwantar da shi a ƙarshen damina. Mutumin da ba ya zama, ga shi an jingina shi da filo, ƙafafu sun kumbura. Ina zuwa duba shi, in na dawo in gaya wa Baba, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ci gaba da jan carbi. Shekarun nan duka ba su wuce gaisuwar Salla ba, ita ma a tsaye. Wata Asabar da safe na fito zan tafi, sai na tarar da Baba a ƙofar gida da babbar riga da sanda. Ya hau bayan babur ɗina.

Da muka shiga ɗakin, Baffa ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Baba ya zauna a bakin gado. Suka gaisa kamar baƙi, ya jiki, da sauƙi, ya gida, lafiya. Inna ta kawo kunu ta ajiye ta fita.

Baffa ya ce, "Yaya, har yanzu kana ganin ƙarya na rubuta?"

Baba ya ce, "Ban taɓa cewa ƙarya ka rubuta ba."

"To mene ne?"

"Na roƙe ka abu a gaban ɗana, ka hana ni."

Baffa ya rufe ido. Ya ce, "Ko yau ka roƙa, ba zan iya ba."

"Na sani. Shi ya sa ban zo roƙo ba."

Baba ya ɗauki kofin kunun ya taɓa da bayan hannu, ya ji da zafi, ya shiga juya shi da cokali yana hurawa. Kunun na ɗiga a babbar rigarsa. Na matso zan karɓa, ya ture ni da gwiwar hannu. Ya tallafi kan ƙaninsa ya kai masa cokali baki.

Ya ce, "Buɗe. Tun kana yaro ba ka ci sai an bi ka."

Baffa ya buɗe. Ya sha har rabin kofi, abin da Inna ta ce ya daɗe bai yi ba. Ba su sake tayar da maganar gona ba. Baba bai koma gida ba, a ɗakin ya tare da tabarmarsa da butarsa, kuma shi ya rufe masa ido.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya gyara, ka san waɗanda gyaran ya taka, ka fi shi sanin lissafin. Ka yi masa da sauƙi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da bai taɓa ba kansa ba. Mu da ya bari, manomanmu da makiyayanmu, ka sa mu cika da imani. Amin.